Dashen haƙori na zirkoniya: inda ya fi titaniyam da inda ba ya yafe kuskure

Duk wanda ya taɓa duba dashen haƙorin gaba a bakin mai siririn dasashi ya san abin da ke kai mutane neman farin turke, wato farar saiwar dashe. Haƙorin kansa fari tas, amma daidai bakin dasashi sai ka ga duhu-duhu kamar an shafa toka. Inuwar ƙarfen titaniyam ce take leƙowa ta cikin nama. Idan kaurin dasashi bai kai milimita 2 ba, ba ya iya ɓoye launin abin da ke ƙarƙashinsa, in kuma ya ja baya bayan 'yan shekaru, ƙarfen da kansa yake fitowa fili. Turken zirkoniya fari ne ko ruwan hauren giwa, saboda haka ko dasashi ya janye, abin da ya bayyana ba ya tsone ido.

Dashen haƙori sassa uku ne. Akwai turke, wanda ake murɗawa cikin ƙashin muƙamuƙi ya tsaya a madadin saiwa. Akwai mahaɗi, ɗan guntun da ke ratsa dasashi ya fito cikin baki. Sai hula, wato haƙorin da ido ke gani. Hular siramik an daɗe ana yin ta, ko a kan turken ƙarfe ma ita ake ɗorawa. Maganarmu a nan ta turken ce, wanda zai zauna cikin ƙashi shekara da shekaru yana ɗaukar nauyin tauna.

Sunaye biyu ne ke rikita mutane. Zirkoniyam ƙarfe ne, dangin titaniyam na kusa, rukuninsu ɗaya a jadawalin sinadarai. Zirkoniya kuwa ita ce abin da ake samu bayan zirkoniyam ya haɗu da iskar oksijin ya zama ZrO2, kuma a wannan halin ya bar ɗabi'ar ƙarfe gaba ɗaya: babu tsatsa, babu ɗaukar lantarki, babu lanƙwasa. Siramik ce, 'yar'uwar tangaran, sai dai ƙarfinta ya ninka na tangaran sau da yawa. Akwai kuma turken Roxolid na kamfanin Straumann, gamin titaniyam da zirkoniyam kusan kashi 15 cikin 100. Shi wannan ƙarfe ne zalla, launinsa toka-toka. Don haka ganin kalma mai kama da zirkoniya a takardar talla bai nuna farin turke za a sa ba, sai an tambaya an fayyace.

Titaniyam ya sami kujerarsa ne da dogon tarihi. A 1952 wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya lura ƙashin zomo ya manne wa wata 'yar na'urar titaniyam har ta ƙi cirowa, a 1965 kuma ya dasa wa mutum na farko turakun titaniyam a birnin Gothenburg. Tun daga lokacin ake tara bayanai, kuma abin da suka nuna shi ne kusan 95 cikin 100 na waɗannan turaku suna nan daram bayan shekara goma. Siramik ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A shekarun 1970 an yi turken Tübingen a Jamus da wani siramik da ake kira alumina. Ƙashi ya karɓe shi, dasashi ya zauna lafiya da shi, amma yana karyewa, har aka janye shi daga kasuwa. Wannan tabon ne ya sa tsofaffin likitocin haƙori da dama har yau suke ɗari-ɗari da duk wani farin turke.

Abin da ya raba zirkoniya da alumina wata dabara ce da ke cikin ƙwayoyinta. Ana gauraya ta da ɗan sinadarin yitiriya, shi ya sa ake ganin 3Y-TZP a rubuce jikin kwali. Yitiriyar tana riƙe ƙwayoyin cikin wata siffa da ba za su zauna a cikinta da kansu ba a zafin ɗaki, kamar an ɗana tarko. Da zarar tsaga ta fara, matsin da ke bakinta sai ya sa ƙwayoyin kewaye su juye zuwa wata siffar da ta fi girma da kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Wannan kumburin shi ke matse bakin tsagar ya hana ta tafiya. Da haka zirkoniya take jure lanƙwaso na megafaskal (ma'aunin matsi) 900 zuwa 1200, kusan ninki biyu na alumina. Wasu kamfanoni suna ƙara mata alumina kusan kashi 20 cikin 100, abin da ake kira ATZ, don ƙarin ƙarfi.

To amma ƙarfi daban, sassauci daban. Taurin zirkoniya, wato yadda take ƙin ba da kai in an danne ta, yana kusa da gigafaskal 200 (gigafaskal ɗaya megafaskal dubu ne), na titaniyam kusan 110, na ƙashin mutum kuwa bai wuce 20 ba. Titaniyam idan nauyi ya yi masa yawa yakan ɗan ba da kai, kuma sau da yawa sukurun mahaɗi ne ke fara kwancewa, mutum ya ji haƙori na girgiza ya koma a ɗaure. Zirkoniya ba ta yin wannan gargaɗin. Tana tsaye ƙyam har ranar da za ta ɓalle.

Tana kuma da wata irin tsufa tata. Ruwa da ɗumi suna sa ƙwayoyin saman su riƙa juyewa a hankali ba tare da wata tsaga ta taɓa su ba, saman ya yi kaushi, ƙananan tsage-tsage su buɗe. Duniya ta san da haka ne a 2001, lokacin da ɗaruruwan kawunan ƙashin ƙugu na dashe, na zirkoniya, da aka ƙera a Faransa suka farfashe a jikin mutane bayan an canza hanyar gasa su. Darasin da aka ɗauka shi ne ingancin zirkoniya yana hannun maƙerinta: girman ƙwaya, zafin da ake gasa ta, da matsewar da ake yi mata cikin zafi don toshe ramukan iska. Ƙa'idar ISO 13356 ta tanadi gwajin wannan tsufa da turara kayan a digiri 134 na tsawon awa 5. A aikace, abin da ya shafi asibiti shi ne kada a mayar da turken da aka buɗe cikin tukunyar turara kayan aiki don a yi amfani da shi wata rana, sai in maƙerin ne ya ce a yi.

Yanzu ga inda zaɓi na gaskiya yake, tsakanin turke mai gaɓa ɗaya da mai gaɓa biyu.

Mai gaɓa ɗaya, turke da mahaɗi a haɗe suke, dunƙule guda. Babu rami a cikinsa, babu sukuru, babu 'yar kafar da ƙwayoyin cuta ke maƙalewa tsakanin sassa biyu. Shi ne ya fi ƙarfi, shi ne kuma aka fi daɗewa ana bibiyarsa. Matsalarsa ita ce yadda aka kafa shi haka zai zauna. A turken titaniyam, idan likita ya ɗan karkace, sai a ɗauko mahaɗi mai kwana, wato wanda ya karkata da digiri 15 ko 25, a gyara. A nan babu wannan. In turke ya kalli leɓe, hula ma leɓe za ta tura, ko kuma a yi ta da ƙaton ciki ta baya. Shi ya sa aikin yake farawa daga ƙarshe: a fara tsara inda hula za ta zauna, a ɗauki hoton CBCT na muƙamuƙi, wato eksire mai nuna ƙashi ta kowace fuska, a haɗa shi da hoton cikin baki a kwamfuta, a buga majagabar roba mai rami wadda za ta riƙe mahudi a daidai kwana da zurfi. Yin mai gaɓa ɗaya a haƙoran gaba da ido kawai, babu majagaba, a ganina ganganci ne ko da hannun ya ƙware.

Awon da ake kiyayewa ɗaya ne da na titaniyam, sai dai a nan ba a cin bashinsa. A bar aƙalla milimita 1.5 tsakanin turke da saiwar haƙorin maƙwabci, milimita 3 tsakanin turaku biyu, milimita 2 tsakanin ƙarshen turke da jijiyar muƙamuƙin ƙasa, sannan ƙashin da zai rage ta ɓangaren leɓe ya kai milimita 1.5 zuwa 2. A kuma auna tazarar da ke tsakanin dasashi da haƙorin da ke fuskantar gurbin, domin mahaɗin yakan kai milimita 4 zuwa 5.5, ga kaurin hula a kansa. In wurin bai isa ba, za a tilasta wa likita ya fiƙe kan mahaɗin, kuma fiƙa ƙofar matsala ce. Wasu kamfanoni sun hana ta sam. Waɗanda suka yarda sun ce a yi da bakin injin fiƙa na lu'ulu'u mai laushin ƙwaya, mai jan zobe, ruwa na kwarara, hannu ba nauyi, kuma a saman mahaɗi kawai. Fiƙa a bushe ko da baki mai kaushi tana barin tsagar da ido ba ya gani, sai daga baya ta nuna kanta.

Ranar aiki, hudar ƙashi kusan iri ɗaya ce: allurar kashe wuri, buɗe dasashi, mahudi ƙarami zuwa babba a gudun da bai wuce zagaye 800 a minti ba, ruwan gishiri mai sanyi yana bin sa. Bambancin yana wajen murɗa turken. Zirkoniya ba ta watsa zafi. Titaniyam yakan janye zafin gogayya cikin jikinsa, ita kuwa sai ta bar shi nan tsakaninta da ƙashi. Ƙashi kuma in ya kai digiri 47 na tsawon minti ɗaya, ƙwayoyinsa sun fara mutuwa, kuma mataccen ƙashi ba ya kama turke. Shi ya sa ake shigar da ita a hankali, kamar zagaye 15 a minti, kuma a ƙashi mai tauri, musamman muƙamuƙin ƙasa, dole a fara yanka zaren sukuru a cikin ramin kafin a sa ta. Galibin kamfanoni suna tsayar da ƙarfin murɗawa tsakanin 35 da 45 Ncm, ma'aunin ƙarfin murɗa sukuru. Idan ta cije kafin ta kai zurfinta, a warware ta a faɗaɗa ramin. Wanda ya ce bari ya ƙara ɗan ƙarfi ta wuce, ko dai ya ƙona ƙashi ko ya tsaga turke tun bai fara aiki ba.

Daga nan sai watannin jira, kuma a nan ne mai gaɓa ɗaya ya fi faɗuwa. Turken titaniyam mai gaɓa biyu ana iya binne shi ƙarƙashin dasashi a ɗinke, ya warke babu mai taɓa shi. Wannan kuwa kansa a waje yake tun ranar farko, harshe na tura shi, kunci na matsa shi, abinci na bugunsa. Motsin da ya wuce kusan maikuron 150, wato milimita 0.15, ya isa ya sa jiki ya naɗe turken da nama maimakon ƙashi, kuma turken da nama ya naɗe sai cirewa. Lokacin da ya fi haɗari shi ne mako na biyu zuwa na huɗu, sa'ad da riƙon farko na murɗawa ya fara saki, sabon ƙashi kuma bai gama kamawa ba. Abin takaici, daidai lokacin ne ciwo ya lafa, mutum yake jin ya warke ya koma tauna yadda ya saba. Maganin abin shi ne garkuwar roba da ake yi daidai bakin mutum, wadda ke hawa kan haƙoran kewaye ta bar sarari a kan turken ba tare da ta taɓa shi ba. Ana sa ta dare da rana, a cire don wanke baki. In an ɗora hular wucin gadi saboda kyan gani, a rage ta yadda ba za ta haɗu da haƙorin da ke fuskantarta ba, ko a cizo ko a zamewar muƙamuƙi gefe. Jiran yakan kai wata 3 a ƙasa, wata 4 zuwa 6 a sama inda ƙashi ya fi laushi.

Hular mai gaɓa ɗaya da siminti ake manna ta, kuma ragowar siminti da ya ɓuya ƙarƙashin dasashi yana cikin sanannun abubuwan da ke haddasa kumburi da cinyewar ƙashi kewaye da dashe. Hoton eksire ba ya nuna wanda ya maƙale ta gaba ko ta baya, na gefe da gefe kawai yake kamawa. Don haka kafaɗar turke kada ta nutse fiye da milimita 1 zuwa 1.5 ƙarƙashin dasashi. Akwai kuma wata 'yar dabara mai sauƙi: a zuba siminti cikin hula, a fara danna ta a kan kwafin mahaɗi a waje, abin da ya yi yawa ya fito a goge, sannan a kai ta baki da ɗan siririn abin da ya rage.

Mai gaɓa biyu ya zo ne don ya warware waɗannan matsaloli. Ana iya rufe shi ya warke, ana iya zaɓar mahaɗi mai kwana, ana iya kwance hula a gyara. Kuɗin da aka biya shi ne an huda rami a cikin siramik, bangonta ya sirance daidai wurin da nauyi ya fi taruwa. Ga kuma batun sukuru. Siramik tana jure danniya amma ba ta son ja, sukuru kuwa aikinsa ke nan. Saboda haka wasu, kamar Zeramex da NobelPearl, suna amfani da sukurun roba mai tauri ta PEEK da aka ƙarfafa da zaren kabon, ana ɗaure shi a 25 Ncm. Wasu kuma sukurun titaniyam suke sawa a ciki. Wanda ya zo neman dashe don ya rabu da ƙarfe kwata-kwata ya kamata ya san da wannan tun kafin a fara.

Karyewa, in ta faru, tana da wuraren da ta fi so. Rahotannin farko sun nuna yawancin turakun da suka ɓalle sirara ne, masu faɗin kusan milimita 3.25, a haƙoran gaba inda cizo ke zuwa a karkace, da kuma bakin masu niƙa haƙora cikin barci. An gyara ƙira da sarrafa saman turke tun daga lokacin, karyewa ta ragu sosai, amma ƙa'idar ba ta canza ba. Inda ƙashi ya yi siriri har sai ƙaramin turke ne zai shiga, ko dai a ƙara ƙashi tukuna a sa mai faɗin milimita 4 ko sama, ko a haƙura a sa ƙarfe.

Me bincike ya tabbatar zuwa yanzu? Zirkoniya mai kaushin sama, wadda aka fesa wa yashi aka wanke da asid, tana kama ƙashi kwatankwacin titaniyam. Mai santsi ba ta kamawa sosai, shi ya sa samfuran farko suka yi ta faɗuwa. Taron masana na ITI, ƙungiyar duniya ta masana dashen haƙori, da aka yi a Amsterdam a 2018 ya amince da mai gaɓa ɗaya don hula guda ko gajeriyar gada mai haƙora uku. Jagorar likitocin Jamus ta 2022 ita ma ta karɓi mai gaɓa ɗaya a matsayin madadin titaniyam, amma ta ce mai gaɓa biyu sai bayan an yi wa majiyyaci cikakken bayani cewa shaidar dogon lokaci ba ta taru ba. Cikakken baki a kan turaku huɗu ko shida, ko gada mai reto a gefe ɗaya, har yanzu filin titaniyam ne.

Batun alaji kuwa, wato cewa jiki na ƙin titaniyam, an cika masa gishiri. Akwai masu borin jiki da titaniyam, amma kaɗan ne ƙwarai. Wani bincike da aka yi a Sifen a 2008 kan mutum 1500 ya sami 9, wato 0.6 cikin 100. Gwajin fata da ake mannawa ba abin dogaro ba ne ga titaniyam, gwajin jini na MELISA kuma masana ba su haɗu a kansa ba. Wanda dashensa na titaniyam yake zaune lafiya, babu jini babu kumburi, cire shi don a sa fari asarar ƙashi ce kawai. Inda zirkoniya take da hujja mai ƙarfi shi ne dasashi. Dattin ƙwayoyin cuta ba ya manne mata kamar yadda yake manne wa ƙarfe, nama kuma yakan kwanta mata da kyau. Duk da haka ciwon da ke cinye ƙashi kewaye da dashe yana kama ta ita ma in an bar baki da datti.

Abubuwan da ke kayar da titaniyam su ne ke kayar da ita: shan taba, ciwon suga da ba a shawo kansa ba, ciwon dasashi da ba a magance ba, magungunan ƙashi irin su bisfosfonet da denosumab, da gashin cutar daji da aka yi a muƙamuƙi. Ba a kuma dasa wa wanda ƙashin fuskarsa bai gama girma ba, domin haƙoran kewaye za su ci gaba da tafiya su bar dashen a baya. Mai niƙa haƙora in har an yi masa, garkuwar dare ta zama tasa har abada. Farashinta kuma yawanci ya fi na titaniyam, saboda wahalar ƙira da kayan aikin da kowane samfuri ke zuwa da nasa.

Wajen kulawa, buroshi sau biyu a rana da ɗan buroshin tsakanin haƙora sun wadatar a gida. A asibiti ba a kankare zirkoniya da kayan baƙin ƙarfe, ko na titaniyam ma suna barin zane mai toka a jikinta. Ana amfani da bakin roba ko na kabon, ko feshin garin gilaisin ko eritiritol. A ɗauki eksire ranar da aka ɗora hula don ya zama ma'auni, a sake bayan shekara guda a kwatanta tsayin ƙashi. Ga wani abu da ba a cika faɗa ba: a hoton CBCT zirkoniya ta fi titaniyam watsa haske, tana ɓata hoton ƙashin da ke daf da ita, amma a hoton MRI ita ta fi barin hoto garau.

Idan turke ya karye a cikin ƙashi, babu ɗinki babu walda. Guntun da ya rage ya riga ya zama ɗaya da ƙashi, kuma sau da yawa babu inda za a kama a warware shi, saboda haka sai an zagaye shi da mahudi mai kama da bututu a ciro shi tare da zoben ƙashin da ke jikinsa. Ramin da zai bari ya fi na farko faɗi, ana cike shi da garin ƙashi a rufe, a jira wata 4 zuwa 6 kafin a sake magana a kan sabon turke. Ko don ƙaramin gyara ma, kamar sauya sukuru ko hula, makullin wani kamfani ba ya shiga turken wani, don haka a karɓi katin da ke ɗauke da sunan samfurin, faɗinsa, tsawonsa da lambar ƙirarsa tun ranar aiki, a ajiye shi inda za a same shi bayan shekara goma.